Wanda Ya Cire Lambar Chomba

An tayar da nakiya a Rami na Biyu da ƙarfe uku da minti ashirin na yammacin Alhamis, shida ga Maris. Tun daga lokacin babu wanda ya sake ganin Chomba Mpundu, mai haƙa dutse, ɗan shekara hamsin da takwas, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana shiga ramin yana fitowa. Mutumin da ya murɗa makullin nakiyar shi ne Dalitso Sakala, shugaban 'yan aikin safe, wanda bai daɗe da cika wata huɗu da hawa muƙamin ba. Shi ne kuma ya cire lambar Chomba daga allo da hannunsa, minti shida kafin ƙarar. Bai musa ba. Shi ya fara faɗa wa kwamitin bincike tun kafin a tambaye shi.

Allon yana bakin ramin, kusa da kejin da ke saukar da mutane. Katako ne mai ƙusoshi ɗari shida. Kowane ma'aikaci yana da lambar ƙarfe mai faɗin murfin kwalba, in zai shiga ya rataye ta, in ya fito ya cire. Muddin akwai lamba ko ɗaya a rataye ba a tayar da nakiya, domin akwai mutum a ƙasa. Dokar kamfanin tagullar a rubuce take da jan fenti a saman allon: kowa ya cire tasa da hannunsa.

A garin nan kowa ya san ba haka ake yi ba. Ramin yana da wata mafita, hanyar gangare da manyan motoci ke hawowa da dutse, wadda ke ɓullowa kilomita biyu daga allon, daf da tashar mota. Mai gaggawa sai ya roƙi direba ya ɗauko shi a ɓoye, ya bar wa direban fitilarsa ya mayar ɗakin fitilu, ya kuma ce wa abokin aikinsa: "Cire min." A rukunin su Chomba, shekara goma sha huɗu mutum ɗaya ake ce wa haka. Sakala ne, saboda shi ne na ƙarshen fitowa. Kafin ya shiga keji sai ya bi kowane lungu na mataki na takwas, hawan ƙarƙashin ƙasa da rukunin ke aiki, da ƙafa, ya haska fitila, ya kira suna, ya tabbatar babu kowa. Zagayen minti arba'in yake ci. Sai ya gama sannan ya hau ya cire lambobin da aka bar masa. Babu wanda ya ɗora masa wannan aiki, babu kuma takardar da ta san da shi. A cikin shekarun nan goma sha huɗu ba a taɓa rasa mutum ba.

A ƙarshen Oktoba aka ƙara wa Sakala girma. Aka karɓe shuɗiyar hular kwanonsa aka ba shi fara, da ofis mai taga ɗaya a jikin ɗakin fitilu, da oba-oba, da wayar kamfani wadda aka ce kada ya kashe ta. Zagayen mataki na takwas ya koma hannun wani ɗan rukunin, Kalumba Mwila, wanda ya ɗauka da kansa ba tare da an sa shi ba, tunda dole wani ya ɗauka.

Chomba ɗan ƙabilar Bemba ne daga wajen Kasama, Sakala kuma mutumin gabas ne daga Chipata. Mutanen wuraren nan biyu abokan wasa ne, zagin juna ba ya ɓata musu rai. Ranar da Sakala ya fara fitowa da sabuwar hular, Chomba ya tare shi a bakin keji a gaban kowa.

"Ku zo ku ga abin mamaki," ya ce. "An ba mai cin ɓera farin kwano. Duk ɓeran da ke ramin nan ya shiga uku."

"Kai dai ka ji da birai, Shikulu," in ji Sakala. Haka kowa ke kiran Chomba, kaka ke nan. "Na ji an ce a garinku har sun yi ƙaura saboda tukunyar gidanku."

Aka yi ta dariya. Chomba ya ƙwanƙwasa hular da yatsa biyu.

"Ni na koya maka riƙe injin haƙa, lokacin ƙafafunka na rawa kamar na sabon ɗan akuya. Kada abin nan ya toshe maka kunne."

"Ba abin da zai canja, Shikulu."

Mutum bakwai sun maimaita wannan amsa a gaban kwamiti, kalma da kalma.

Ya cika alkawarin, sai dai an yi ta ƙara masa kaya a kai. A Nuwamba shugaban sashen yamma, ɓangaren ramin da ke maƙwabtaka da nasu na gabas, ya yi ritaya, ba a ɗauki wani ba. Manaja, Mista Hamoonga, ya ce Sakala ya riƙe sashen na sati biyu. Sati biyun ba su ƙare ba har Maris. Mutum saba'in da huɗu suka koma ƙarƙashinsa, da taron safe, da rahoton rana, da na mako, da na wata. Tsoffin ayyukansa kuma ba su bar shi ba. In famfon da ke zuƙe ruwa a mataki na shida ya tsaya, makanikai shi suke kira, domin shi ya san inda ake bugunsa ya tashi. Mai son a musanya masa ranar hutu, da mai son a rubuta masa takarda da Turanci, da wanda matarsa ta yi yaji, duk wurinsa suke zuwa kamar da, sai dai yanzu suna zuwa da tabbacin zai iya. Kwamiti ya duba wayar kamfanin. A watan Fabrairu kaɗai kira dubu ɗaya da ɗari da arba'in suka shiga cikinta, ya amsa duka in ban da tara. A watan ya sauka gyaran famfo sau goma sha ɗaya.

Matarsa Esnart ta ba da labarin wata Lahadi. Sun dawo daga coci, ta ajiye masa nshima, tuwon masara, da miyar ƙananan kifin kapenta, ya wanke hannu ke nan aka buga ƙofa. Mutum uku ne daga rami. Ya fita ya yi awa ɗaya da rabi a gindin mangwaro. Da ya dawo tuwon ya sandare.

"Baban Tiko," ta ce, "in sa maka tebur a gindin mangwaron ne, in rubuta 'ofis' in manna?"

"Mutanena ne. In ce musu me?"

"Ka ce kana cin abinci. Da miji ɗaya nake da shi. Yanzu kun zama uku, na gabas da na yamma da na famfo, kuma a cikinku babu mai cin abinci a gidan nan."

Ranar Juma'a ta ƙarshen Fabrairu ya je wurin Hamoonga ya roƙi a kawo shugaba a sashen yamma. Hamoonga ya saurare shi yana sa hannu a wasu takardu.

"Matsalarka ɗaya, Sakala. Ba ka iya cewa a'a ba. Har yanzu kana ganin kai lebura ne mai farin kwano. Ka koyi cewa a'a."

"To, Yallaɓai, sashen yamma..."

"Ba ni za ka ce wa ba. Su za ka ce wa." Ya miƙa masa wani fayil. "Masu duba mahaƙu na gwamnati za su zo ranar Alhamis. Ina son rahoton Fabrairu kafin su iso."

Ranar Litinin, uku ga Maris, Sakala ya tsaya a gaban rukunin kafin kejin farko. Yana riƙe da takarda, ko da yake layi huɗu ne kawai a jikinta.

"Daga yau, duk mai buƙata ya same ni a ofis tsakanin ƙarfe huɗu da biyar na yamma. Gidana ba ofis ba ne. Famfo aikin makanikai ne. Kuma babu sauran 'cire min'. Kowa ya fito ta keji ya cire lambarsa da hannunsa."

Wani daga baya ya yi tarin ƙarya.

Chomba ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa.

"Yallaɓai," ya ce. Bai taɓa kiransa haka ba. "In fitsari ya kama mutum fa? Da baki zai nemi izini, ko a rubuce?"

An yi dariya, amma gajera.

Kalumba ya ɗaga hannu. "Oga, tunda babu 'cire min', zagayen fa? Kullum minti arba'in nake ɓatawa, kejin ƙarshe nake samu, motar kamfani ta tafi ta bar ni."

Oba-oba tana kiran sunan Sakala a ƙugunsa. Ya duba agogo.

"Tunda kowa zai cire tasa, allo ya isa. Ka huta."

Kalumba ya huta daga ranar.

Litinin da Talata dokar ta yi aiki. Babu wanda ya je gidansa, babu wanda ya bi ta gangare. Kira a wayar ya ragu da rabi. Kofin shayin da rukunin ke ajiye masa a kan bencin bakin keji shi ma ya daina zuwa, kuma duk wanda ya gamu da shi sai ya ce "Yallaɓai" ya kauce masa hanya. Esnart ta ce ranar Talata ya ci tuwo da zafinsa har ya ƙara.

Ranar Laraba da rana aka bugo waya daga Kasama cewa ƙanen Chomba ya rasu, za a binne shi ranar Juma'a. Da yamma aka fitar da kujeru daga falon gidan Chomba, mata suka zauna a ƙasa, maza suka hura wuta a waje. A irin wannan rana aikin gidan na abokan wasa ne. Su ke faskare, su ke ɗora tukunya, su ke zuba wa masu makoki garin masara a ka suna tsokanarsu har sai wani ya yi murmushi. Duk mutanen gabas da ke layin sun zo. Esnart ta zo. Sakala bai zo ba, yana kan rahoton Fabrairu.

Kafin ya tafi gida a ranar, Chomba ya kai takardar neman hutu ofishin Sakala da ƙarfe huɗu da minti goma. Bai same shi ba, Hamoonga ya kira shi. Ya ajiye ta a kan tebur. Daga baya kwamiti ya same ta a nan, da wasu takardu goma sha tara a kanta.

Da safiyar Alhamis suka haɗu a bakin keji. Akwai ragowar gari a bayan kunnen Chomba.

"Mai cin ɓera," ya ce a hankali. Tun Litinin bai kira shi da sunan ba. "Jiya na duba cikin masu faskare ban gan ka ba. Matarka dai ta zo. Har ta juye min rabin kwano a ka."

"Ka yi haƙuri, Shikulu. Allah ya ba da haƙuri. Aiki ne ya riƙe ni."

"Na sani. Takardata fa?"

"Wace takarda?"

Chomba ya dube shi.

"Ta hutu. Huɗu da minti goma na kawo, kamar yadda Yallaɓai ya yi umarni."

"Zan sa hannu kafin sha biyu. Ka zauna a nan ka jira."

"In na zauna a rubuta ban zo aiki ba. Wata goma sha ɗaya ya rage min in yi ritaya, ba yanzu zan ɓata fayil ɗina ba. Matata Belita ta bi motar safe da sauran mata. Ni zan bi ta ƙarfe uku. In ka sa hannu ka bugo min ƙasa, in hawo da kejin rana."

Ya rataye lambarsa, ta ɗari huɗu da goma sha bakwai, ya shiga keji.

Masu dubawa biyu sun iso ƙarfe tara. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi famfon mataki na shida ya tsaya, ruwa ya fara taruwa. Makanikai suka kira Sakala, ya ce aikinsu ne. Suka sake kira sau huɗu. Ya ƙi sauka, amma ya ba da umarni a janye mutum shida daga mataki na takwas su je su taimaka. A cikinsu har da abokin haƙar Chomba. Kejin rana ya hau ƙarfe goma sha biyu da rabi, takardar tana ƙarƙashin sauran.

Ƙarfe ɗaya da minti goma wayar rami ta yi ƙara a ofis. Masu dubawa suna zaune a kan kujeru biyun da ke ciki, suna juya shafukan rahoton. Abin da Chomba ya faɗa, daga bakin Sakala aka ji shi.

"Ni ne. Ba ka bugo ba. In na jira kejin ƙarshe motar Kasama ta tafi. Ƙarfe biyu zan bi ta gangare. Ba ka zo makoki ba, ba ka sa hannu ba. Wannan ɗayan dai, ɗan nan. Cire min."

Namakau Situmbeko, mai kula da ɗakin fitilu shekara goma sha tara, tana jin abin da ake faɗa a ofishin ta tagar da ke tsakaninsu. Ta ce kalma ɗaya ta ji daga bakin Sakala.

"To."

Kejin ƙarshe ya hawo ƙarfe uku saura minti goma. Mutane suka cire lambobinsu, suka miƙa fitilu, suka wuce wurin wanka. Ana ruwan sama. Ƙarfe uku da minti biyar Sakala ya zo duba allo. Namakau tana tsaye a gabansa da hannu a ƙugu.

"Saura ɗaya, Oga Sakala."

"Na sani. Ya bi ta gangare."

"Fitilarsa ba ta dawo ba."

"Direbobi ba sa kawowa sai ƙarfe huɗu. Ke ma kin sani."

"Na sani. Wa ya gan shi ya hau mota?"

Sakala ya aika aka kira Kalumba daga wurin wanka. Ya zo da tawul a wuya.

"Ka ga Shikulu?"

"Da sha biyu na gan shi a ƙarshen gabas, yana haƙa shi kaɗai."

"Bayan nan fa?"

"Ina wurin famfo."

"Ba ka zagaya ba?"

"Oga, ai kai ka ce in huta."

Sakala ya ɗauki wayar rami ya buga mataki na takwas. Ta yi ƙara sau goma sha ɗaya ba a ɗauka ba. Ya gaya wa kwamiti cewa a lokacin ya ɗauki hakan a matsayin shaida: in babu kowa a wuri, ba a ɗaukar waya.

Oba-oba ta yi magana. Hamoonga ne daga ɗakin makulli.

"Sakala, uku ta wuce. Sau uku muka rasa fasa dutse a Fabrairu. Baƙi na tsaye a nan suna duba agogo. Allo ya share?"

A tura mutum ƙasa ya zagaya ya dawo, awa ɗaya da minti goma ne. 'Yan aikin yamma za su rasa rabin ranarsu. Kuma sai Sakala ya faɗi dalili ta oba-oba, a kunnen masu dubawa: cewa da yardarsa ma'aikaci ya hau motar dutse, kwana uku bayan ya hana. Wannan korar mutum uku ce, shi da direban da tsohon da ya rage wa wata goma sha ɗaya.

Ya miƙa hannu ya zare lambar daga ƙusa. Aiki ne da hannun ya yi sau ɗaruruwa.

"Da kai ke zagayawa, Dalitso," in ji Namakau. "Shi ya sa muke yarda."

Ta ce ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta san ko ya ji ba. Ya sa lambar a aljihun rigarsa ya danna oba-oba.

"Allo ya share."

Ƙarfe uku da minti goma sha huɗu ke nan. Aka kunna jiniya. Ya taka zuwa ɗakin makulli, ya sa hannu a littafi, ya murɗa. Kofunan da ke kan kantar ɗakin fitilu suka yi ƙara kamar kullum.

Ƙarfe huɗu direbobi suka kawo makullan motocinsu, babu wanda ya kawo fitila. Ƙarfe biyar Namakau ta leƙa ta taga ta faɗa masa. Ya ce wataƙila tsohon ya manta ya tafi da ita gida, ya taɓa yin haka. Gaskiya ne, ya taɓa yi sau biyu. 'Yan aikin yamma da suka sauka bayan hayaƙi ya fita sun kawo rahoton cewa rufin ƙarshen gabas ya rufto fiye da yadda aka tsara, ya toshe hanya tsawon mita sittin. Wannan ma yakan faru. Sakala ya rubuta shi a rahoton rana. Daga nan ya nemo takardar hutun, ya kalle ta, ya mayar da ita inda take bai sa hannu ba.

Ranar Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya da rabi wayar kamfani ta yi ƙara. Belita ce daga Kasama, ana jin waƙar coci a bayanta.

"Ɗana, ina abokin wasan naka? Motar jiya ta iso tun safe babu shi. An ɗauko akwati, shi kaɗai ake jira. Ko kun riƙe shi ne da aikinku?"

Sakala ya ce zai bincika ya kira ta. Ya tashi ya tafi ofishin Hamoonga, ya fito da lambar daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

Abin da kwamiti ya tattara zuwa yanzu ba shi da yawa. Direbobi uku ne suka hawo gangaren tsakanin ƙarfe ɗaya da rabi da uku. Dukansu sun ce ba su ɗauki kowa ba. Ɗaukar mutum a motar dutse laifin kora ne, kuma a tarihin ramin babu direban da ya taɓa cewa ya ɗauki wani. Maigadin bakin gangaren yana cikin rumfarsa saboda ruwa, bai leƙa cikin motoci ba. Kayan gida na Chomba da wayarsa suna cikin akwatinsa a wurin wanka, amma duk mai bi ta gangare a can yake barinsu. Jakar tafiyar da Belita ta haɗa masa ta ajiye a bayan ƙofa ba ta nan. Ita kuma ba ta iya tuna ko an haɗa ta da kayan mata da safe ba, domin mutum fiye da sittin suka kwana a gidan, kuma a Kasama kowa ya kwashi nasa. Mai sayar da tikiti a tasha ya ce ya tuna wani tsoho da takalmin rami. Da aka matsa masa sai ya ce kullum yana ganin tsofaffi da takalmin rami. 'Yan sanda sun tambayi asibitocin da ke kan hanyar har Kasama, ba a kai musu mai irin kamanninsa ba.

An dakatar da Sakala daga aiki ranar Asabar. Ya mayar da hular da oba-oba da wayar. Ranar Litinin kamfani ya naɗa mutum biyu, ɗaya a sashen gabas, ɗaya a na yamma. An sake bin rubutun saman allon da sabon jan fenti, an kuma sa zagayen ƙarshe a cikin dokar aiki, da wurin sa hannu. Hamoonga ya gaya wa kwamiti cewa shi tambaya ɗaya ya yi ta oba-oba, kuma an ba shi amsa.

Belita ta dawo ranar Talata. Matan layin sun zo za su fitar da kujeru daga falo, ta tsaya a bakin ƙofa ta hana.

"Wa ya ce muku an yi mutuwa a gidan nan? Ku nuna min shi tukuna."

Kujerun suna nan a inda suke. Sakala yana zuwa kowace safiya ƙarfe bakwai. Ba ya shiga ciki. Yana faskara icen da ya rage daga makokin Laraba, ya jera shi a jikin bango, ko da yake ba a hura wuta a wajen ba. Ranar farko Belita ta fito ta tsaya a kansa.

"Ka zo da gari?" ta ce.

"A'a, Mama."

"Kada ka zo da shi."

"To, Mama."

Tun daga nan ba su sake magana ba. Takan aiko masa da shayi, yakan sha.

Masu kwashe dutse a ƙarshen gabas suna cin mita uku a rana, wani lokaci ƙasa da haka, saboda sai an tokare rufin kafin a matsa gaba. A rana ta goma sha ɗaya bayan ƙarar sun tono injin haƙar Chomba, a jingine da bango, an kashe shi, an naɗe tiyonsa yadda yake naɗewa in ya tashi aiki. Daga wurin zuwa inda motocin gangare ke tsayawa tafiyar minti goma sha biyu ce, kuma farkon hanyar yana ƙarƙashin dutsen da ba a kwashe ba tukuna. Zuwa safiyar yau, kwana goma sha shida bayan ƙarar, saura mita goma sha huɗu. Lambar tana cikin ambulan a hannun kwamiti. Fitila ta ɗari huɗu da goma sha bakwai ba ta dawo ɗakin Namakau ba.